Sai da na samu bakanike sannan na taya motar

Ranar da na fara ganinta, tana ajiye ne a ƙarshen layi, can bayan su Corolla da Civic da suka sha wanki suna ƙyalli, a wani filin dillalan motoci da ke Katsina, kan hanyar fita zuwa Kano. Ƙura ta lulluɓe ta, tayar baya ta hagu ta sace. Volkswagen Passat ce ƙirar 2003, ruwan toka, mai giyar hannu, a bayanta an rubuta 1.8T. Da na tambayi kuɗinta, yaron da ke tsaron wurin sai da ya sake kallona, ya ce, "Yallaɓai, wannan fa mai turbo ce." Yadda ya faɗi maganar kai ka ce rijiya yake nuna mani a gabana. Kuɗin da ya ambata kuwa bai kai rabin na Corollar da ke kusa da ita ba, alhali kusan sa'o'in juna ne.

Ni malamin sakandare ne, ina zaune a Sabuwar Unguwa da iyalina, mahaifiyata kuma tana Daura. Kusan kowace Juma'a in an sauko masallaci nakan kama hanya in je in gaishe ta, in kwana, in dawo Asabar da la'asar. Tafiyar kamar kilomita 80 ce. Shekara da shekaru a motar haya nake yin ta, mutum huɗu a baya biyu a gaba cikin Golf, kuma ban taɓa ƙorafi ba. Ciwon bayan Inna ne ya sauya mani tunani. Duk bayan wata biyu sai an kawo ta Katsina ganin likita. Wata rana na je tarbarta a tasha, aka buɗe ƙofa ta kasa miƙewa sai da ta dafa kafaɗata, muka tsaya nan cikin rana har ƙafarta ta saki. A ranar na ƙudurta a raina sai na yi abin hawa. Na shiga adashi, na sayar da mashin ɗina, na haɗa da ɗan abin da na daɗe ina tarawa.

Duk wanda na yi wa maganar, Toyota yake ce mani. Kuma suna da gaskiya, ba zan ƙaryata su ba. Yayana ya zaunar da ni ya ce, "Sayen na gari mayar da kuɗi gida. Corolla ko a ƙauye ta tsaya maka za ka samu mai gyara, ranar da ka matsu kuma kafin azahar ka sayar." Matsalar ita ce kuɗina ba su kai Corolla mai lafiya ba. Waɗanda suka kai su ne waɗanda aka sha wa ruwan jiki, an yi haya da su, an sauke inji an mayar ba sau ɗaya ba. Manyan motoci masu silinda shida sun yi araha tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, amma mai albashi irin nawa ba ya kusantar su. Abin da ya rage mani shi ne tsofaffin motocin Turai da mutane ke tsoro: Passat, Audi A4, Volvo S60. Ko Peugeot 406, da aka riƙa haɗawa nan Kaduna a da, ta fi su daraja a kasuwa saboda kowa ya san ta. Ni kuma a bayan 504 ta Baba na girma, nauyin ƙofar motar Turai da yadda take kwanciya a titi abu ne da bai taɓa fita raina ba.

Ban taya ba a ranar. Na koma gida na yi sati uku ina neman wanda ya san irin injin, domin na ga ba amfanin in sayi abin da ba mai taɓa shi a garin. Direbobin Golf da Sharan na riƙa tambaya a tasha, tunda duk gida ɗaya suka fito. Bakaniken farko da aka tura ni wurinsa ya ce in na saya in kawo mashi ya cire turbon ya toshe wurin, in huta. Wani ya ce a sauke injin ɗungurungum a ɗora na Golf. Daga ƙarshe wani direba ya kwatanta mani garejin wani dattijo wajen Ƙofar Ƙaura. Na same shi zaune a kan benci yana wanke wani ƙarfe cikin fetur. Muka gaisa, na yi mashi bayani. Bai ɗago ba ya ce, "Malam, wane baƙin mai ake zuba mata?" Na ce ban sani ba. Ya ce, "To shi ne ciniki. Sauran duk gyara ne."

Shi ya fahimtar da ni mene ne turbo, da wani mataccen turbo da ya jawo daga ƙarƙashin bencin. Girmansa bai wuce ƙaramar tukunya ba. Fanka biyu ce a kan sanda ɗaya. Hayaƙin da inji ke fitarwa, maimakon ya wuce salansa kai tsaye, sai ya bi ta kan fanka ta farko ya juya ta, ita kuma ta juya ta biyun, wadda ke danna iska cikin inji da ƙarfi. Iska ta yi yawa, mai ya ƙone da kyau, sai ƙaramin inji ya yi aikin babba. Shi ya sa injin da bai wuce lita 1.8 ba, mai silinda huɗu da bawul 20, biyar a kan kowace silinda, yake ba da ƙarfin doki 150, kuma ƙarfin jansa yana zuwa tun inji bai yi ƙara ba. Sandar nan tana juyawa fiye da sau 100,000 a minti ɗaya, cikin zafin hayaƙi, kuma ba abin da ke tsakaninta da ƙarfen da ke riƙe da ita sai ɗan siririn baƙin mai da ke zuwa ta wani bututu mai kaurin biro. Ya miƙo mani ya ce in kama fankar in girgiza. Tana lilo kamar haƙorin da ya kusa fita. Ya ce, "Wannan ba turbo ya kashe kansa ba. Mai shi ya riƙa zuba mashi mai na awo a bakin titi, yana wata shida bai juye ba."

Muka yi da shi zai raka ni, na biya shi kuɗin yininsa. Sharaɗinsa ɗaya: mu isa da sassafe, kafin kowa ya tayar da motar. Inji mai ɗumi yana ɓoye aibinsa.

Ƙarfe bakwai da 'yan mintuna muna filin. Ya ɗora tafin hannunsa a kan inji ya tabbatar da sanyi ƙalau yake. Sannan ya buɗe murfin baƙin mai, ya kife shi a tafinsa, ya ce in haska mashi da fitilar waya. Cikin murfin akwai baƙin dasƙare, ya sa farce ya kankaro, ya murza tsakanin yatsu biyu, ya sansana. Ya leƙa ramin ya daɗe yana kallo. Ƙarfen da ke ciki launin ruwan shayi ne mai duhu, da ɗan baƙi a kusurwa, bai kai ga toshewa ba. Ya ce, "An yi mata sakaci, amma ba a kashe ta ba." Ya sa aka tayar, shi kuma ya koma baya ya tsuguna wajen salansa. Jar fitilar nan ta baƙin mai, mai siffar buta, ta mutu nan take, abin da yake so ke nan. Hayaƙi bai yi shuɗi ba, ko da aka taka mai bayan ta ɗan jima a tsaye. Ya cire wani babban tiyo da ke ƙasa wajen ƙaramin lagireton da ke sanyaya iskar turbo, ya zura yatsa. Ɗan maiƙo ya fito, ba kwantaccen mai ba. Ya gyaɗa kai.

Abin da ya yi bayan nan ban taɓa ganin bakanike ya yi ba. Ya buɗe ƙofar direba, ya janye tabarmar roba, ya danna kafet da dunƙulen hannu yana neman danshi. Ashe a ƙarƙashin kafet ɗin nan akwai wani ɗan akwatin lantarki da ke kula da gilasan ƙofa da makullai. A irin wannan motar batir yana zaune ne a wani kwari da ke gindin gilashin gaba, a ƙarƙashinsa kuma akwai ƙofofin da ruwan sama ke bi ya zube ƙasa. In suka toshe, ruwa ya taru, sai ya samu hanya ya gangaro cikin mota ya jiƙa akwatin. Kafet ɗin a bushe yake. Amma da ya ɗaga batir, sai ga ruɓaɓɓen ganyen bedi da ƙurar hunturu sun haɗu sun zama laka, sun cike wurin taf. Ya samo waya ya zurara ya buɗe ƙofofin, ya sa yaro ya zuba ruwa buta ɗaya, muka ji yana tsiyaya ƙasa. Ya ce da ta kai watan Agusta a haka, da labarin ya bambanta. Duk mai irin wannan motar a Katsina, inda ba inuwar da muke ajiye mota sai ta bedi, ya riƙa duba wurin nan kafin damina ta faɗi.

Muka ɗan hau titin Kano da ita. Ƙafar gaba tana ƙwanƙwasa in aka taka gargada, kuloci lafiya, giya tana shiga sumul. Ya jona 'yar na'urarsa ta duba mota a ƙarƙashin sitiyari, ta nuna iska na sacewa ta wani wuri, daga baya muka gano wani siririn tiyo ne zafi ya tsattsage.

Takardu ni na duba da kaina, kuma na ɗau lokaci. Jiharmu ta kan iyaka ce, hanyar Jibiya da ta Daura ba a rasa jami'an kwastam, kuma a ranar 1 ga Janairun 2017 aka hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa. Wannan ba sabuwar 'yar Kwatano ba ce, ta hannu ce, ta daɗe a gida, takardar biyan dutinta tana nan tare da sauran. Na bi lambar shasi harafi bayan harafi, guda 17, ta jikin mota da ta takarda. Ta fara da WVW, alamar Volkswagen ta Jamus. Na goma shi ne 3, wato ƙirar 2003, na sha ɗaya kuma E, wato masana'antar Emden. Na nace sai an kira mai motar da sunansa ke takarda, muka yi magana, aka rubuta yarjejeniyar ciniki da shaidu biyu.

Wajen ciniki dattijon bai sa baki ba, sai dai ya lissafa wa dillalin abin da ya gani ɗaya bayan ɗaya, cikin natsuwa. Na taya, aka ce albarka. Na ƙara kaɗan, aka buga wa mai ita waya, ya sallama. Na biya la'ada. Abin da ya rage a hannuna ya kai kusan kashi ɗaya cikin uku na kuɗin da na tara, har na fara lissafin sabbin tayoyi da fenti. A hanyar komawa dattijon ya ce, "Malam, kuɗin nan da suka rage ba naka ba ne, nata ne. Kada ka taɓa su."

Ban kai ta gida ba, gareji muka wuce, ta yi kwana tara. Aikin farko shi ne sauke tukunyar baƙin mai ta ƙarƙashin inji, aikin da ya cinye yini guda saboda sai an ɗan ɗaga injin kafin ta fito. A cikinta akwai bututun da ke zuƙo mai, bakinsa da 'yar rariya ta ƙarfe. Ya kira ni a waya ya ce in zo in gani da idona. Fiye da rabin rariyar ya toshe da wasu baƙaƙen ɓarɓashi masu tauri, sak ƙanzon da ke kamawa a gindin tukunya in tuwo ya ƙone. Ya ɗaga ta sama wajen rana, haske na shiga ta gefe ɗaya kawai. Injin nan kusan lita 4 kacal yake ɗauka, turbo kuma yana dafa man kullum, to in man ba mai jure zafi ba ne, ko ya wuce lokacinsa, haka yake ƙonewa ya zama ƙanzo. Rana ɗaya kana cikin gudu rariyar ta ƙarasa toshewa, jar fitila ta kama, kafin ka gangara gefen titi inji ya buga. Sai a ce turbo ba ta da kirki. Na tsaya ina kallon rariyar nan a hannunsa, gabana na faɗuwa, domin da zumuɗi ya ɗebe ni da tuni ina kan hanyar Daura da Inna a baya.

Aka wanke, aka sa sabuwar rariya da sabon bututun da ke kai wa turbo mai. Sai bel ɗin taimin. Ba wanda ya san ranar da aka canza na jikinta, kuma a wannan injin in ya tsinke, fistin ne zai daki bawul, gyaran kan inji ya same ka. Tunda injin a tsaye yake, fuskarsa na kallon gaba, sai an kwance bamba an zaro gaban motar kafin hannu ya kai. Saboda haka duk abin da ke wurin a lokaci ɗaya ake canza shi: bel, abin da ke ɗaure shi, da famfon ruwa. Babu kayan a Katsina. Kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano aka aika, aka ɗoro su a motar haya washegari. Aka zubar da jan ruwan tsatsa da ke cikin lagireto, aka zuba ruwan sanyaya inji na gaske, mai launin hoda. Ya gargaɗe ni kada in kuskura in ƙara mata ruwan rijiya, musamman a watan Afrilu da zafin garin nan ke haura digiri 40.

Kayan ƙafa su ne suka fi cin kuɗi bayan wannan. Ƙafar gaban Passat irin ta Audi A4 ce, kowane gefe hannuwa huɗu ne na alminiyam, biyu sama biyu ƙasa, takwas ke nan. Su ne sirrin laushinta, su ne kuma ke shan wahalar titunanmu. Na fara sayen masu araha guda biyu don in rage kashe kuɗi, ba su yi wata huɗu ba suka fara ƙara. Na dawo na sayi na Beljiyam masu kyau, har yau su ne a jiki.

Yanzu shekara biyu ke nan tana hannuna. Baƙin mai 5W-40 nake zuba mata, wanda aka rubuta VW 502 00 a bayan galan, ba 20W-50 da aka saba ɗura wa kowace mota ba. A shago ɗaya nake saye, ina duba hatimin murfi da kaina saboda jabu ya yi yawa, kuma a gabana ake juyewa. Duk kilomita 5,000 nake canzawa tare da filta, ina rubutawa a wani ɗan littafi da ke cikin aljihun mota. Man yana da tsada, ya ninka na gama-gari, kuma duk lokacin da canji ya zo ƙarshen wata ina jin sa a jikina. Fetur kuwa, in ina kan doguwar hanya ban matsa mata ba, lita ɗaya tana kai ni kilomita 12 zuwa 13. Cikin gari, da AC da tsaye-tsaye, ba ta wuce 8 ko 9. Tankinta lita 62 ne, ban cika cika shi ba sai zan yi Kano.

Sau ɗaya ta tsayar da ni. Muna dawowa daga Kano, mun wuce Kankiya kaɗan, ta fara rawa tana jan ƙafa. Na kira dattijon, ya ce in buɗe but in ɗauko abin da ya sa ni saye tun farko na ajiye. Kowane fulogi a injin nan da koyil ɗinsa a kai, kuma bayan shekara 20 na zafi dole wani ya gaji. Yana gaya mani a waya ina cire wayarsu ɗaya bayan ɗaya, har na kai ga wanda cire shi bai canza rawar injin ba. Na zare shi na sa sabon. Minti goma sha biyar muka ci gaba da tafiya. Uwargida da ta riga ta fara salati ta ce, "Ashe abin bai kai yadda ake faɗi ba."

Kwanaki wani abokin aikina ya ga Audi A4 mai irin wannan injin, kuɗinta ya burge shi, ya zo neman shawara. Na tambaye shi abu biyu: in ya biya, nawa zai rage a hannunsa, kuma wa zai riƙa taɓa mashi ita. Ya ce kuɗin ke nan gaba ɗaya, har da ɗan rance. Na ce ya haƙura. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, kuma motar nan ba ta yafe wa wanda ke cewa a lallaɓa zuwa wata mai zuwa. Haka wanda ke sayen mota don ta zame mashi ajiyar kuɗi, shi ma ba tasa ba ce. Dillalin da ya sayar mani ya taɓa taya ta, da duk gyaran da na zuba mata, abin da ya faɗa bai taka kara ya karya ba. Kasuwa ba ta san rariyar da aka canza ba, turbo kawai take gani a rubuce. Wanda kuma unguwarsu ke da kwazazzabai ya yi tunani, domin cikinta kusa da ƙasa yake.

Abin da na samu a madadin haka shi ne tafiyar Juma'a. In na fita gari na wuce shingaye na kama hanyar Mashi, na sa giya ta biyar, motar sai ta lafa a titi, ƙarar iska ma da ƙyar kake ji. In na cim ma tirela, ba sai na sauko giya biyu ina addu'a ba, ɗan taki kaɗan za ka ji wani siririn fito daga gaba, ta ja ka ta wuce. Inna tana zama a baya da matashi ɗaya. Zuwanmu asibiti na farko da ita, kafin mu kai Shargalle barci ya ɗauke ta, ba ta farka ba sai da muka shigo Katsina. Ta buɗe ƙofa ta sauko da kanta.

Dattijon ya koya mani in na yi doguwar tafiya kada in kashe inji nan take, in bar shi ya yi minti ɗaya ko biyu a tsaye, mai ya ci gaba da zagayawa har turbo ya huce. Farko-farko in na isa ƙofar gida a Daura na zauna cikin mota, Inna takan aiko yaro ya tambaya ko lafiya. Na yi mata bayani sau ɗaya. Juma'ar da ta wuce ƙanena ya fito da sauri zai buɗe mani ƙofa, na jiyo muryarta daga zaure tana cewa, "Ƙyale shi tukuna, motar ba ta huce ba."